Sirinji mai mil biyar

Jiya na bar aiki na miƙa makullin lokata, shekara huɗu da wata bakwai kenan ina aikin nas a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka fito da su daga tiyatar zuciya. Ana ta tambayata wai me na koya, to ni dai dare ɗaya ne ya koya min kusan komai, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yarinya ce 'yar shekara 19, irin ciwon nan da ke farawa da ciwon maƙogwaro tun ana yara ya je ya cinye ƙofar zuciya, aka canza mata bawul ɗin mitral. Ta fito da Swan-Ganz a wuya, siririn tiyon nan da ake aiki da shi tun 1970, wanda ke ratsa ɓangaren dama na zuciya ya tsaya a jijiyar huhu. Kun dai san aikin, ka tura ruwan gishiri mai sanyi mil 10 da sauri, na'ura ta ji yadda jini ya yi sanyi a bakin tiyon ta lissafa lita nawa zuciya ke turawa a minti, sau uku ake yi a ɗau matsakaici.

Wajen ƙarfe biyun dare sirinji mai mil 10 ya ƙare, sito a kulle mai makulli ya tafi gida, sai na ɗauki mai mil 5 na manta ban canza lambar lissafin da ke cikin na'urar ba. Ita a zatonta goma na tura, da ta ga sanyin bai kai ba sai ta ɗauka jini ne mai yawa ya kwashe shi. Bayan ta raba litocin da faɗin jikin yarinyar, ta ba ni 3.8 alhali gaskiyar ba ta wuce 1.9 ba, kuma duk wanda ya yi duti a nan ya san in ma'aunin ya yi ƙasa da 2.2 an shiga uku.

Na kira likitan da ke kwana, yana ɗakin hutu, muryar barci, ya ce "Sista ai ta samu lafiya, rage mata dobutamine." Wato maganin da ke ƙara wa zuciya ƙarfin bugu. Na ce masa fitsari fa mil 15 kawai a awa, yarinya kilo 48 ya kamata a ga kamar 24, ya ce in ba shi lokaci. Na rage. Abin da ya fi ci min rai wallahi na taɓa ƙafarta, sanyi ƙalau kamar an tsamo ta daga randa, sai na ja bargo na rufe na ce sanyin ɗaki ne, saboda lambar allo ta fi min daɗin gani.

Da asuba tsohuwar sistarmu ta shigo, ko kallon allon ba ta yi ba, ta yaye bargon ta danna farcen babban yatsa tana ƙirga, sai da ta kai biyar jini ya dawo. Ta sa aka ɗebi jini, laktet, wanda ke hawa in jini bai ishi sassan jiki ba, ya kai 6, iskar da ta rage a jinin da ke komawa huhu kashi 48. Ta ɗago sirinjin daga tire ta ce "'Yata, da wannan kika auna?" Shikenan abin da ta ce. Aka zura eko, na'urar ɗaukar hoton zuciya, ta maƙogwaro aka ga zuciya na matsawa da ƙyar, aka mayar da magani aka ƙara adiranalin. Ƙodarta ta sha wuya, kwana tara ta ƙara a wajenmu, amma Alhamdulillah da ƙafarta ta fita.

A zagayen safe oga ya tsayar da ni gaban ɗalibai yana tambayar a wace makaranta aka koya min kisa. Na ce "Yallaɓai kuskurena ne", don nawa ne ɗin. Shi kuwa wanda ya ba da umarni ta waya bai ko leƙo ba yana tsaye a bayansa yana ta rubutu a fayil. Takardar tuhuma ni kaɗai aka ba, maganar sito babu wanda ya tayar.

Sauran darussan ba su da yawa. In an ɗaga gado ko an sauke a sake daidaita sifilin na'urar auna matsin jini. In bawul ɗin tricuspid, na ɓangaren dama na zuciya, na yoyo kar a sakankance da lambar ruwan sanyi. Tiyon ƙirji ya daina zubar da jini farat ɗaya, matsin jijiyar wuya na hawa, to a taso likita ko zai yi zagi, kuma a rubuta lokacin da aka kira shi, da biro.

Wacce za ta karɓi gado na uku, ki duba durowar ƙasa bayan safar hannu, akwai kwalin sirinji mai mil 10, da kuɗina nake saye tun daga wancan daren.