Abin da zaman kotu ya koya min game da mata alƙalai

Kafin makarantar lauyoyi ta tura mu koyon aiki a kotu, ni dai a ganina doka doka ce, namiji ne a kan kujera ko mace duk ɗaya, har musu nake da ƴan ajinmu a kan haka.

A sati na uku aka kira ƙarar wata matashiya da mijinta ya ji wa rauni. Ta tsaya ta dunƙule cikin hijabi, ɗan sanda mai gabatar da ƙara na ta tambaya ita ko sai "eh" da "a'a", muryar ma da ƙyar take fita, ga maza cike da benci ana kallonta. Majistaren mace ce, dattijuwa, ta ajiye biro ta ce a ba ta kujera, sannan ta ce da Hausa, "Ƴata, kwantar da hankalinki, faɗa min yadda aka yi tun daga farko." Wallahi sai ga magana tana zuba, har da ɓarin da ta yi bayan dukan, abin da ko a takardar ƴan sanda babu shi saboda kunya ta hana ta faɗa musu. Kuma fa mijin ma an saurare shi tsaf, ba a tauye shi ba. Dokar ba ta canza ba, amma shaidar da ta isa gaban kotu ta canza, kuma da shaida ake yanke hukunci.

Daga nan na fara bin tarihi. Mai shari'a Aloma Mukhtar ta zama alƙaliyar babbar kotu a Kano a 1977, amma sai 2012 ta zama mace ta farko Alƙalin Alƙalan Najeriya, ta biyu Kudirat Kekere-Ekun sai 2024. Kano ma sai 2023 Dije Aboki ta zama Babbar Jojin jiha. A Nijar kuwa Fatimata Bazeye ce ke shugabantar kotun tsarin mulki da ta ƙi amincewa da tazarcen shugaban ƙasa Mamadou Tandja a 2009, don haka masu cewa mace ba za ta iya tsayawa da ƙafarta ba su je su karanta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar asalin jiha, mace ta yi aure a wata jiha ta yi shekaru tana musu aiki, lokacin ƙarin girma ya zo a ce ai ba ƴar nan ba ce, jihar iyayenta kuma su ce ai ta yi aure ta tafi. Haka majalisar dokokin Kuros Riba ta yi wa Mai shari'a Akon Ikpeme a 2020, ta ƙi tabbatar da ita a matsayin Babbar Jojin jiha don asalinta Akwa Ibom ne, alhali ita ce gaba da kowa a alƙalan jihar, sai 2021 aka rantsar da ita.