Ƙasar da na biya kuɗi kafin a buga mini hatimi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya, sai sanyi. Tun ranar da na tura hoton fasfo ɗina da hatimin San Marino, tambaya ɗaya ake ta yi mini: "Ina ne nan kuma? Ka bar Italiya ne?" Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuto gaba ɗaya. Zan taɓo hanya, abinci, har da ƙwallonsu.

San Marino ƙasa ce mai cin gashin kanta, sai dai Italiya ta kewaye ta ta kowane gefe. Faɗinta murabba'in kilomita 61, mutanenta kusan dubu 34. Daga garin Rimini na Italiya na hau bas, ba mu cika awa guda ba muka fara hawan Dutsen Titano, inda babban birninsu yake, tsayinsa sama da mita 700. Su a wajensu, wani mai sassaƙa dutse ne mai suna Marinus ya kafa garin a shekarar 301.

Yanzu maganar hatimi. Kun san wahalar da na sha kan takardar zama a Italiya: layi tun asuba, ɗaukar hoton yatsu, a ce ka dawo, ka dawo a ce da saura. Don haka da na ji za mu tsallaka iyaka, sai na kwaso komai, fasfo, takardar zama, takardar haya, kowacce da kwafinta, na rungume jaka kamar mai zuwa kotu. Wallahi babu wanda ya ko kalle ni. Ba shinge, ba jami'i, allo kawai muka wuce. Har na tambayi direba ko mun shigo, ya yi dariya. Sai can a ofishin masu yawon buɗe ido aka ce in ina sha'awar hatimi in biya Yuro 5. Na ado ne, ba ya shigar da kai ko'ina. Ni da nake roƙon hatimi wata da watanni, yau ga shi ana sayarwa kamar tsaraba. Na biya kuwa, har da godiya.

Amma fa kada wani ɗan cuwa-cuwa ya ce muku ga ƙasar Turai da ba ta neman biza. Ba su da filin jirgin fasinja, ba su da teku. Dole ta Italiya za ka bi, kuma Italiya sai da bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama.

Hasumiyoyinsu uku ne a kan dutsen: Guaita, Cesta da Montale. Na hau ta farko, iska ta kusa tafiya da hulata, yatsuna suka ƙi riƙe waya. Mai zuwa ya zo da rigar sanyi ta gaske da takalmi mai kama ƙasa, don hawan ya ninka na Dala nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mulkinsu. Shugabanni biyu suke naɗawa a lokaci ɗaya, kuma wata shida kacal suke yi, ana sauya su ranar 1 ga Afrilu da 1 ga Oktoba. Wanda ya sauka sai ya jira shekara uku kafin ya sake hawa, kuma talaka na da damar kai ƙararsa bayan saukarsa. A 1797 Napoliyon, jagoran sojan Faransa, ya yi musu tayin ƙarin ƙasa, suka ce sun gode, tasu ta ishe su. Na daɗe a bakin ganuwa ina tuna wasu na gida, ban dai kira suna ba.

Abinci kuwa, wani burodi mai faɗi na ci, piyadina, da cuku a ciki, kamar gurasa ba yaji. Ƙwallo kuma, a 2024 suka ci ƙasar Liktenstain 1-0, nasararsu ta farko cikin shekara 20. Sauran sai mun yi waya. A gaida su Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.