Daren da na kama kumfar

Yau dai Allah Ya yi. Sati uku kenan ina fakon ɗaukar hoton wata kumfar gas da ke can cikin taurari, in ba gajimare ba to fitilar maƙocinmu mai haske bayan gidanmu kamar filin ƙwallo, amma yau ana idar da isha'i aka ɗauke wuta, duk unguwa ana tsaki ni kuwa har da hamdala, da gudu na kwaso kaya na yi bayan gida.

Sai matsalar kullum, tauraron arewa. Mu nan Kano can ƙasa-ƙasa yake, digiri 12 kacal, kuma darbejiyar bayan katanga ta rufe shi ruf, sai da na ja ƙafafun na'urar da ke juya kyamara tana bin taurari har bakin rijiya kafin na hango shi. In ba ka saita da shi ba taurarin sai su fito a hoto dogo-dogo kamar ƙwayar shinkafa.

Abin da nake bi shi ne NGC 7635, wanda ake kira Bubble Nebula, wato kumfa, a ƙungiyar taurarin Kasiyofiya. Wani ƙaton tauraro ne a ciki, ana ƙiyasin ya fi ranarmu nauyi sau arba'in da wani abu, iskar da yake fesowa ce ta hura gas ɗin da ke kewaye da shi ya kumbura kamar kumfar sabulu. Masanin taurari William Herschel ya gano shi tun 1787. A lissafin NASA hasken ya yi tafiyar shekara 7,100 kafin ya faɗo cikin tsohuwar kyamarata Canon da na saya na hannu, abin ma har dariya yake ba ni.

Da ido ba ka ganin komai fa. Hotuna na minti ɗaya-ɗaya na dinga ɗauka, na samu 94, sauro kuwa sun ci rabonsu a ƙafata. Wajen sha ɗaya ƙanina ya fito da tocila wai yana neman silifas ɗinsa, ya kashe min guda uku. Can kuma raɓa ta sauka kan gilashin kyamarar ban lura ba, na ƙarshen duk suka yi dishi-dishi, 61 kawai suka tsira.

Na zuba su a Siril, manhajar da ke haɗa hotunan taurari su zama ɗaya, ya haɗa su, na fara ƙara hasken hoton a hankali, sai ga ta, 'yar zobe ja-ja, jan nan na haidirojin ne, gefe ɗaya ya fi haske inda tauraron yake, ga tarin taurarin M52 a kusurwa kamar an watsa gishiri. Na jima ina kallo ban ce komai ba.

Hajiya ta fito alwalar asuba ta same ni a tsakar gida, na nuna mata, ta kanne ido ta ce "Wannan ɗan jan abin ne ya hana ka barci? Allah Ya shirye ka." Na ce amin Hajiya.

Gobe zan ƙara awa biyu in sama ta yi kyau, kafin hazo ya shigo. Sai na nemo abin ɗumama gilashin nan tukuna.