Manhajar duba rauni da muka haɗa wa manoman Gadarif

Lokacin yankan riɗi a Gadarif da ke gabashin Sudan, rauni ba ya ƙarewa: lauje ya yanki hannu, ƙaya ta soki ƙafa, mutum ya ɗaure da tsumma ya koma aiki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitocin garin suka cika da waɗanda suka gudo daga Khartoum, daga baya kuma daga Wad Madani. Wannan ya sa ni da wata ma'aikaciyar jinya muka haɗa manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira. Amsa ɗaya muke so ta bayar: a wanke a gida, ko a tafi asibiti yau?

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne fata. Yawancin hotunan rauni da ake samu don koyar da na'ura na farar fata ne, inda kumburi mai ɗauke da ƙwayar cuta ke bayyana da ja. A jikinmu ba haka yake fitowa ba. Wurin kan yi duhu ne, ya yi sheƙi, ya ɗau zafi. Dole muka tara hotunanmu da yardar masu su, abokiyar aikina tana tantance kowanne. Muka roƙi a riƙa ɗauka a inuwa, a ajiye tsinken ashana kusa da raunin domin a gane girmansa.

Duk da haka, hoto kaɗai bai isa ba, kuma madura ce ta tabbatar mini. Cuta ce da ke shiga ta sukar ƙaya, ta yawaita a jihohin Jazira da Sinnar na Sudan, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Farkonta ɗan kumburi ne marar zafi, mai shi ba ya damuwa, sai ta ci ƙashi a kai ga yanke ƙafa. Don haka muka sa tambayoyi: Tun yaushe? Akwai zazzaɓi? Kana da ciwon suga? Wasu ƙananan ƙwayoyi na fita daga ciki? Kumburin da ya daɗe, ko hoton ya nuna ba komai, manhajar asibiti take turawa.

Katsewar intanet a Fabrairun 2024 ta sa muka matse komai da TensorFlow Lite, wani kayan aikin Google na sa ƙirƙirarriyar basira cikin waya, ya zauna cikin wayar Android ya yi aiki ba intanet. Hakan ya kwantar wa mata hankali, tunda hotonsu ba ya fita ko'ina.

Sai maganar rubutu. Mutanenmu na nan da Larabci suka yi karatu, Hausar boko ba kowa ke iya karanta ta ba. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, in tana da magana, ta faɗa mini da baki." Muka naɗi muryar abokiyar aikina da Hausa da Larabcin Sudan, yanzu kowace tambaya ana jin ta, a amsa da taɓa alama kore ko ja.