Ƙiƙi-ƙaƙa a lungun Ƙofar Wambai

Ɗazu a wani lungu bayan Ƙofar Wambai, adaidaita sahunmu ta yi gaba da gaba da wata. Wannan ya ƙi ja baya, wancan ma ya ƙi, har ya kashe inji ya harɗe hannu. Dattijon da ke gefena ya ce, "To, an yi ƙiƙi-ƙaƙa."

Na ce, "Baba, ina kalmar ta samo asali?"

Ya yi dariya: "Ɗana, ba ka jin ƙi har biyu a ciki? Ƙaƙa kuwa ai yaya ke nan, kamar a ƙaƙa-ni-ka-yi, yaya zan yi."

Fassarar Baba ce, amma ta zauna mini. Mai kurar ruwa ne ya raba gardamar, da ya fara tsiyaye musu jarka a ƙafa.