Kafin Ka Sayi Sabon Fulot Na Tankin A-Kori-Kura

Tsofaffin a-kori-kura masu shan man gas, wato dizal, da ke jigilar tumatir da albasa daga Mile 12 zuwa Agege da Idi-Araba, da yawansu allurar gejin mai ta daɗe da kwanciya. Direba ya yanko sanda ya ajiye bayan kujera, in yana son sanin man da ya rage ya zura ta bakin tanki. Wani ko sandar ba ya da ita, lissafi kawai yake yi a ka. Ni aikina rewaya ne, wato gyaran wutar mota, a Agege, kuma wannan abu yana damuna, domin motar gas ba a barinta ta shanye mai ƙarƙaf.

Motar fetur in ta tsaya, ka zuba galan ɗaya ka tayar. Ta gas kuwa ta riga ta ja iska cikin layi, sai ka buɗe bonet ka yi ta danna famfon da ke kan filta har iskar ta fita, wani lokaci sai an sassauta bututun nozul. Ka kwatanta yin haka a tsakiyar gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, da kwandunan tumatir a baya rana na dukansu. Ga kuma injekta, famfon da ke tura mai cikin inji: a injinan Hilux irin 2L da 3L da 5L, man gas ɗin da ke ratsa ta shi ne man da ke hana ƙarafunan cikinta cin juna. Duk tsayawar da ta yi a bushe tana rage mata kwana, kuma kuɗin gyaranta ya ninka na fulot, wato ma'aunin mai da ke cikin tanki, nesa ba kusa ba.

Fulot ɗin da ke cikin tankin ba wani abin mamaki ba ne. Ƙwallo ne mara nauyi da ke yawo a saman mai, an ɗaure shi da siririn ƙarfe, ƙarfen kuma yana jan wani ɗan harshe a kan layin waya. Mai ya hau, harshen ya matsa, ƙarfin wutar da ke isa geji ya canza, allura ta ɗaga. Wurin da harshen ya fi gogawa shi ne ke fara cinyewa. Tun da litar gas ta haura naira 1,000, direbobinmu ba sa cika tanki, lita 10 ko 15 ake saya a yi lodi ɗaya a dawo. Harshen sai ya yi ta kai da komo a wuri guda, can ƙasa kusa da kwata, har layin ya tsinke. Shi ya sa za ka ga allura tana aiki daidai in an cika, amma da ta sauko kwata sai ta fara rawa ko ta faɗi gaba ɗaya. Tankin da ke kwana wayam kuma yana tara raɓa a ciki, musamman a damshin Legas na watan Yuni da Yuli. Ruwan ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya haifi tsatsa da baƙar laka mai yauƙi.

Duk da haka, ba kowace allura da ta kwanta ba ce laifin fulot. Wani Alhaji da ke da motoci a Alaba Rago ya taɓa aiko min da Hilux ɗinsa tare da sabon fulot a kwali. Na ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri mu gwada waya tukuna." Wayar at ce, wadda ke komawa jikin shasi, ruwan gishiri da laka suka cinye bakinta. Muka kankare, muka ɗaure, allura ta tashi.

Gwajin ba shi da wuya. Ka cire soket ɗin da ke kan tanki, ka kunna makulli, ka haɗa wayar geji da shasi ta hanyar ƙaramin ƙwan gwaji. A tsohuwar Toyota allura za ta kama hanyar sama. In ta motsa, geji da wayarsa lafiya lau, matsalar tana tanki. In ba ta motsa ba, ka koma kan fis da waya da dashbod. Kada ka haɗa wayar kai tsaye ka bar ta, gejin na iya ƙonewa.

In ta tabbata fulot ne, to a nan ake asarar kuɗi. A kasuwar kayan mota ta Ladipo za a miƙo maka wanda kansa ya yi daidai da ramin tankinka, sukurori ma su shiga, amma cikinsa na wata mota ne. Kowane kamfani da ma'auninsa, ana auna shi da mita a om, wato yadda fulot ke tare wuta. Tsohuwar Toyota tana karanta kusan om 110 in tanki ba komai, om 3 in ya cika. Tsofaffin motocin GM na Amurka akasin haka suke, 0 in babu mai, 90 in ya cika. Ford kafin 1987 kuwa 73 zuwa 10. Ka sa na GM a Hilux, allura za ta nuna maka cike lokacin da kake dab da tsayawa. Don haka ba na zuwa kasuwa sai da tsohon a leda da mita a aljihu. A gaban mai shago nake ɗaga hannun fulot a hankali daga ƙasa zuwa sama ina kallon lamba. In ta yi tsalle ko ta ɓace a tsakiya, na mayar masa, ko da yana rantsuwa jiya aka sauke shi daga kwantena. Ka duba tsawon hannun ma, domin tankin mai ƙofa biyu da na mai ƙofa huɗu ba lallai zurfinsu ya zo ɗaya ba. Na Beljiyam mai kyau ya fi min sabo mara suna.

Wajen cirewa, na fi son a kwance notocin bodin baya a ɗaga shi a tokare da katako, in dai tsatsa ba ta kama su ba. Saukar da tanki wahala ce: lita 60 ta gas ta kai kilo 50, ban da nauyin ƙarfen. In dole ne a sauke, a zuƙe man tukuna. A cire kan batir. A wanke saman tankin kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, don duk ƙasar da ta faɗa ciki filta da injekta ne za su sha ta. Gas bai kai fetur saurin kamawa ba, amma ba na yarda yarana su kawo injin yanka ko walda kusa da tankin da aka buɗe. Noti ya ƙi, a jiƙa shi a jira.

Tun da an riga an buɗe, a haska fitila a ga ƙasan tankin. In akwai laka, a wanke shi a shanya, a sa sabuwar filta, in ba haka ba sabon fulot ɗin ma ba zai yi nisa ba. Robar bakin kuma sabuwa za a sa, wadda ke jure mai. Na sha ganin an yanko tsohon tiyub an liƙa da gam, bayan ɗan lokaci ya kumbura, ruwan sama ya samu hanya.

Kafin a mayar da bodi, a jona soket, a kunna makulli, mutum ɗaya ya motsa fulot ɗin da hannu, ɗaya yana kallon allura. Bayan an ɗaure, ina roƙon mai mota ya cika tankin ko sau ɗaya ne, mu zuba lita 10 mu duba, mu ƙara 10 mu duba, direban yana tsaye yana gani, don ya san lita nawa ke ƙarƙashin kowane layi na gejinsa.