Talata a tsakiyar Atlantika

Ƙarfe 3 na dare Anti ta taɓa min ƙafa tace Auta tashi, lokacinka yayi. Haka muke tun da muka baro Mindelo, wani gari a tsibiran Kef Bade da ke yamma da Afirka, muka nufi tsibirin Barbados a Karibiyan, mu uku ne a ɗan jirgin ruwanmu da iska ke turawa ta ƙyallaye, ni da Yaya da matarsa Anti, kowa awa 3 yana gadi awa 6 yana hutu, kodayake a cikin hutun ne ake girki ake gyara ake komai. Na saka rigar ceto cikin duhu na hau sama, kafin ma in zauna na maƙala igiyar rigar a ƙarfen da ke gefen sitiyari. Wannan dokar Yaya baya wasa da ita kuma nima ina bayanta ɗari bisa ɗari. Jirgin nan gudun mil 6 yake a awa, mil na teku kuma mita 1,852 ne, kenan duk minti ɗaya muna cin wajen mita 185. Mutum ya faɗa ruwa da daddare sauran biyu na barci, kafin wani ya farka ya fito ya juyo da jirgin da ƙyallayensa ke buɗe iska na turawa ta baya, an riga an yi nisa, ga duhu ga raƙuman ruwa. Shi yasa ba mai barin wurin tuƙi ya je gaba shi kaɗai, sai ya tashi wani.

Anti tace iska na nan yadda take, ba fitilar jirgi ko ɗaya, amma in sa ido ta baya don ta ga walƙiya can nesa. Ta bar min shayi a filas ta sauka.

Na'ura ce ke tuƙi, ni nawa ido da kunne. Duk minti 15 in miƙe in duba ko'ina har ta ƙasan ƙyallen gaba inda yake tare gani, sabida jirgin kwantena mai gudun mil 20 a awa daga hango fitilarsa zuwa ya iso kanka zai iya zama minti 20 kacal, kuma ba lallai ne na cikinsa sun lura da ɗan jirgi irin namu ba. Kaza da 'ya'yanta ta riga ta gangara yamma. Tauraron arewa na hannun dama, ƙasa ƙasa, wajen digiri 14 daga bakin ruwa, daidai da layin da muke kai a taswira, Yaya ne ya koya min cewa tsayinsa a sama shi ke gaya maka nisanka daga layin tsakiyar duniya, wato ikwaita. Duk inda jirgi ya tsaga ruwa kuma sai ya yi ta tartsatsin haske kore kore, ƙananan halittun ruwa ne ke yin haka in an motsa su.

Wajen ƙarfe 4 taurarin bayanmu suka fara ɓacewa. Da dare haka ake gane hadari, wurin da ba taurari zaka gani, wani baƙi a sama yana ta faɗi yana biyo ka. Iska ta ɗan lafa, sai wani sanyi ya bugo min ƙeya. Na leƙa ƙofa nace Yaya, hadari fa. Bai tambaye ni komai ba, sai gashi ya fito yana ɗaura rigar ceto. Muka naɗe ƙyallen gaba ya koma kaman rabi, muka rage babban ƙyallen, hannuna na kan winci, abin naɗe igiya, ina juyawa har kafaɗata na zafi, muna gamawa kuwa ta iso. Iskar da take gudun mil 15 a awa ta haura 30, ruwan sama a kwance yake zuwa yana dukan fuska, ko gaban jirgin ba a gani. Yaya ya kashe na'urar ya karɓi sitiyari da kansa, don a cikin hadari iska na canja wuri, in ta zagayo ta bayan babban ƙyallen sandar kwancen da ke riƙe ƙasansa zata iya watsowa ɗaya gefen da ƙarfin da zai fasa kan mutum ko ya karya wani abu, duk da mun ɗaure ta da igiya ta gaba. Bai fi minti 20 ba ta wuce. Bayanta iska ta mutu, ƙyallaye na ta faf faf, jirgi na mirginawa dama da hagu, tukwane na kara a kicin, wallahi wannan ya fi hadarin gajiyar da mutum.

Yaya yace madalla da ka tashe ni da wuri, duk sanda zuciyarka ta raya maka ko a rage ƙyalle to a rage kawai, ƙarawa ba wuya. Ya sauka. Ko minti 5 ba a yi ba na jiyo minsharinsa.

Abin nan ya tsaya min a rai har gari ya waye. Mutum ya kwanta ya saki jiki yayi barci a kan ruwan da zurfinsa ya haura mita 4,000, ƙasa mafi kusa sai an yi kwanaki ana tafiya, ba don komai ba sai don ya san kana sama idonka biyu. Anti ma ko motsi bata yi ba duk hayaniyar nan. Barcinsu amana ne a hannuna na awa 3, an jima nima zan damƙa musu nawa, kuma ban taɓa jin nauyin amana yadda nake jinsa a nan ba. Shi yasa ko barci na fizgata bana jingina, tsaye nake tashi in riƙe ƙarfe, bana saka komai a kunne, waya ma a ƙasa nake barinta.

Da hantsi iska ta dawo daga arewa maso gabas yadda ta saba. Ita ce ke ɗauke da mu tun farko, iskar da ke tahowa daga wajen digiri 30 zuwa tsakiyar duniya inda zafi ke ɗaga iska sama, juyin duniya kuma ya karkatar da ita yamma. Ita ta tura Kolumbus a 1492 da ya taso daga tsibiran Kanari, hanyar bata canja ba har yau. Lokaci kawai ake zaɓa, daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba kakar manyan guguwa ce a tekun nan, shi yasa kowa ke jira sai ta wuce.

Kafin in kwanta muka yi zagayen safe ni da Yaya. Na tsinci kifaye masu fiffike a saman jirgi, da dare suke tashi su faɗo, sun bushe sun bar ɓawo da ƙarni, na zubar na wanke da bokiti. Igiyoyi duk sun yi ja ja ta gefen da iska ke bugowa, ƙurar Sahara ce ke biyo mu har nan tsakiyar teku. Sai Yaya ya tsaya kan igiyar ƙyallen gaba, daidai inda take ratsa bakin sandar da ke tokare shi, bayanta ya cinye kaman ɓera ya gaigaya, saura zaren ciki. Ba hadarin jiya ne ya yi mata haka ba. Gogayya ce, jirgi ya mirgina ta goga, ya dawo ta goga, dare da rana ba tsayawa. Yaya yace yau da gobe bata bar komai ba. Muka naɗe ƙyallen, ya yanke wurin da ya lalace ya sake ƙulli, na naɗa mata tsohon tiyo don ta huta. Muka bi sauran, kowane noti kowane fil, har na ɗaga katakon ƙasa na duba ko ruwa ya taru. Mutanen tudu in an ce teku guguwa suke tunani, amma abin da ke cin jirgi a doguwar tafiya irin waɗannan ƙananan ne, kuma ba shago ba makaniki, abin da ka taho dashi shikenan.

Barcin rana bai yi daɗi ba. Duk tagogi a rufe don ruwa na fantsamo, ciki zafi, zanin gado damshi. Litar ruwan teku ɗaya na ɗauke da gishiri wajen giram 35, in ya shiga tufafi ya bushe sai ya riƙa jawo laima, kaya basa bushewa da gaske, ƙuraje sun fito min a gwiwar hannu da inda nake zama. Na ɗaure kyallen gefen gado da ke tare mutum kar ya faɗo, na cusa filo ta baya, na ɗan samu abin da ya samu.

Ƙarfe 12 Anti ta rubuta inda muke a kundin jirgi, mun ci mil 140 da ɗoriya daga jiya, tafiyar gaba ɗaya zuwa Barbados wajen mil 2,000 ce kuma mun wuce rabi, alhamdulillah. Muka mayar da agogo baya da awa ɗaya, duk digiri 15 da aka yi yamma haka ake, tsakanin Kef Bade da Barbados awa 3 ne. Ƙarin awar muka raba ta, kowa ya ƙara minti 20 a gadinsa, ba wanda ya cuci wani. Rana ta cika batir ta sola sai Yaya ya kunna injin tace ruwa, muka cika tanki, kowa ya samu kofi biyu ya ɗauraye jiki bayan wankan ruwan teku. Daɗin da naji ba ya faɗuwa.

Ciyawar sargasum ta dame mu yau sosai. Fili fili take zuwa, ruwan ɗorawa, tun 2011 ta yi yawa a tekun nan daga Afirka ta Yamma har Karibiyan. Tana naɗe ƙugiyar kamun kifi, in jawo in cire in mayar, tana kuma maƙalewa a ƙasan jirgi ta rage mana gudu. Sai bayan la'asar aka samu sarari, igiyar ta yi ƙara, kifin dorado ne babba, kore da zinariya da shuɗi, yana shigowa jirgi launin ya fara dusashewa a idonmu. Naji ba daɗi gaskiya, shi yasa mun yi alkawari ɗaya kawai muke kamawa mu naɗe ƙugiya sai ya ƙare. Anti ta soya shi da albasa, ta ɗaure kanta da bel a gaban murhun gas ɗin da ke lilo tare da jirgi, muka ci da shinkafa a kwano mai zurfi kowa ya tokare ƙafa.

Magana ta yi ƙaranci kwanan nan, gajiya ce, ba wani abu ba. Anti ta ɗan ɗaga murya kan kofin da aka bari ya kife mata a gado, an jima ita da kanta ta miƙo wa kowa lemo, cikin na ƙarshe da suka rage. Yaya ya sauko da hasashen yanayi ta tauraron ɗan adam, yace daga Alhamis iska zata ƙaru raƙuman ruwa su tashi, don haka gobe in Allah ya kai mu da sassafe zai hau dogon sandar tsakiya ya duba igiyar da ke riƙe babban ƙyallen tun ruwa na da sauƙi, ni zan riƙe masa igiya a winci Anti na sitiyari. Ta kuma ce in tuna mata a juya ƙwai, kabejin da ya fara laushi kuma a ci shi gobe.